Sarauta Ko Soyayya: Wasan Da Aka Yi Wa 'Yan Matan Japan

A ƙasar Japan, har zuwa farkon shekarun 1990, wasan bidiyo kusan harkar samari ce: yaƙi, dambe, tseren mota. Sai wata mata, Keiko Erikawa, wadda ita da mijinta suka kafa kamfanin Koei, ta lura an bar 'yan mata babu mai kula su. Ta tara ma'aikata mata, aka sa musu suna Ruby Party, suka fitar da Angelique a 1994 a kan na'urar Super Famicom.

Ga yadda labarin yake. Angelique budurwa ce da ke takarar zama sarauniya da wata mai suna Rosalia, ga kuma kyawawan maza tara masu taimaka musu. Idan ta amsa soyayyar ɗayansu, sarauta ta kuɓuce mata ke nan. Mu marubuta mu ke yanke wa jarumarmu hukunci, mai karatu sai dai ta yi tsaki ko ta share hawaye. A nan kuwa, yarinyar da ke riƙe da na'urar ita ce mai zaɓe. A ganina wannan ne ya ja su, ba kyan mazan ba.

Abin mamaki, ƙananan 'yan mata aka nufa, amma manyan 'yan mata da matan da suka haura ashirin ne suka rungume shi. Daga nan irin wasan ya samu suna otome, wato budurwa. A 2002 kamfanin Konami ma ya juya wasansa na samari, Tokimeki Memorial, ya fitar da na mata.