Yadda Kuɗin Rockefeller Ya Zama Masara A Ƙasar Funtuwa

Dattawan da suka riƙe garma a ƙasar Funtuwa da Malumfashi kafin farin 1973 sun san zamanin da masara ba abincin rumbu ba ce. 'Yar gayauna ake yi mata a bayan gida, inda toka da kashin awaki ke taruwa, a gasa ɗanyarta a tsakiyar damina a kashe yunwa kafin gero ya nuna. Dawa ce abinci, auduga ce kuɗi. Don auduga aka kafa gidajen gurza na kamfanin Bisije, ita da gyaɗa ne kuma suka jawo layin dogon da ya ratsa Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. Yau kuwa manyan motoci ne ke lodin masara a Dandume da Bakori da Funtuwa suna yin Kudu da ita. Wanda ya bi sawun wannan canji zai kai Ibadan, daga can ya kai birnin New York.

John D. Rockefeller ya kafa kamfanin mai na Standard Oil a 1870, ya haɗiye abokan gogayyarsa ɗaya bayan ɗaya har kotun ƙolin Amurka ta farfasa kamfanin a 1911. Ba a ƙaunarsa a lokacin. Da ya nemi majalisar ƙasar ta amince masa ya kafa gidauniya, ba ta yarda ba, sai jihar New York ce ta ba shi izini a 1913. Cikin shekaru biyu ya zuba mata dala miliyan 100.

Tsarin da aka ɗora ta a kai shi ne abin lura. Ba kasafai ake taɓa uwar kuɗin ba. Ana juya ta a hannun jari, ribar ce ake kashewa, kuma kwamitin amintattu ne ke yanke inda za ta tafi. Dokar Amurka ta yanzu ta wajabta wa irin waɗannan gidauniyoyi su fitar da kusan kashi 5 cikin 100 na dukiyarsu duk shekara. Musulmi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka wakafi yake tun daga rijiyar da Sayyidina Usman ya saya wa mutanen Madina. Abin da ya bambanta Rockefeller da mashawartansa shi ne sun ƙi raba sadakar hannu. Suka ce tushen cuta da yunwa za su nema, ko da za a shekara ashirin ba a ga komai a ƙasa ba.

Da lafiya suka fara. Bayan yaƙi da tsutsar ciki a kudancin Amurka, suka buɗe ɗakin binciken zazzaɓin shawara a Yaba ta Legas a 1925. Aikin ya ci rayuka: Adrian Stokes ya mutu a Legas a 1927, Hideyo Noguchi a Akara a 1928. Amma daga jinin wani ɗan Gana da aka ɗiba a 1927 Max Theiler ya samar da allurar rigakafin shawara a 1937, ita ce kuma har gobe ake yi wa jarirai a asibitocinmu. Ilimi da adabi ma sun samu rabonsu. Jami'ar Ibadan ta ci moriyar gidauniyar sosai, kuma a 1960 Wole Soyinka da Chinua Achebe duk da tallafinta suka yi tafiye-tafiyen nazari.

Noma ya shigo ne a 1943 a ƙasar Meziko, inda Norman Borlaug ya shafe shekaru yana auratayyar irin alkama har ya samu lambar Nobel a 1970. Ganin nasarar aikin Meziko, Rockefeller ta haɗa kai da gidauniyar Ford, wadda iyalin mai kamfanin motoci suka kafa a 1936, suka gina cibiyar binciken shinkafa a Filifin a 1960, sannan cibiyar IITA a Ibadan a 1967, a kan filin da gwamnatin Najeriya ta bayar. A can ne, bisa aikin da masanan ƙasar nan suka riga suka fara, aka fitar da farar masara mai suna TZB a farkon shekarun 1970. Tana jure tsatsar ganye, tana yin goyo mai nauyi idan ta sha taki, kuma garinta fari ne tas. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, don irin da uwargida ta ƙi tuwonsa ba ya zama a gari.

Sai dai iri ba ya kai kansa gona. A 1975 Bankin Duniya da gwamnati suka fara shirin raya noma na Funtuwa, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe. Ya haɗa gundumomin Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari. Aka fasa hanyoyin karkara, aka gina cibiyoyin sayar da kayan noma, aka baza malaman gona. Kuɗin fetur na shigowa, gwamnati na ɗauke wa manomi mafi yawan kuɗin takin zamani. Cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta riga ta sa mutane neman wani abin dogaro. Da aka ga yadda masarar nan ke yi a ƙasar da ke samun ruwa da rana daidai gwargwado, ba a jira lallashi ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 ta zama abinci, ta kuma zama kuɗi.

Ba kowa ya yaba ba. Masu nazari da dama sun nuna cewa manyan manoma da 'yan kasuwa da masu sarauta ne suka fi kwasar taki da bashi. Alhaji Balarabe Musa, gwamnan jihar Kaduna daga 1979 zuwa 1981, lokacin Funtuwa na ƙarƙashinta, ya yi ja-in-ja da Bankin Duniya kan sharuɗɗan faɗaɗa shirin, musamman batun damƙa ragamarsa ga Turawa. A ganina akwai ƙorafin da ya fi wannan girma. Masara ba ta da haƙurin dawa. In babu kamfa da yuriya sai ta yi rawaya ta tsaya, wuta-wuta ta ƙarasa ta. Da gwamnati ta janye tallafin taki gaba ɗaya a 1997, ƙaramin manomi ya wayi gari da amfanin da ba ya iya ciyarwa, kuma babu wanda zai kai wa kuka. Amintattun New York ba shi ya zaɓe su ba, ba su kuma san sunan ƙauyensa ba.

Duk da haka wasu gidauniyoyin ne suka sake shigowa. A 1992 shirin Sasakawa ya iso Najeriya da kuɗin gidauniyar Nippon ta Japan, wadda ke samun nata daga tseren kwalekwale. Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter na cikin jagororinsa. Shirin ne ya yaɗa shukar ƙwaya ɗaya a rami da binne taki maimakon watsawa, abin da manoma ke kira noman Sasakawa. A 2006 Rockefeller da gidauniyar Gates suka kafa ƙungiyar AGRA, kuɗin Gates kuma ya tallafa wa binciken masara mai jure fari, wanda wasu irin SAMMAZ na cibiyar binciken noma ta Samaru suka fito daga gare shi. Akinwumi Adesina, ministan noman da ya kawo rabon taki ta wayar salula bayan 2011, tsohon ma'aikacin Rockefeller ne.

Alherin da aka yi mana gaskiya ne, kuma butulci ne a musanta shi. Amma shekara hamsin ke nan abin da za a bincika game da gonarmu ana yanke shi ne a inda kuɗin ya fito. Shi ya sa dawa da gero da auduga, waɗanda ƙasarmu ta saba da su, ba su samu kulawar da masara ta samu ba.

Cibiyar binciken noma ta Samaru, wadda asalinta ya koma 1922, tana nan kusa da mu a Zariya, da masananta 'yan ƙasa da suka san ƙuduji da tsutsar da ta addabi masara tun 2016. Attajiranmu na hatsi da taki da sufuri, waɗanda masarar nan ta yi wa riga da wando, ba su gaza wajen kyauta ba: suna gina masallatai, suna rabon abinci da azumi, suna biya wa mutane Hajji. Allah ya saka musu. Abin da nake roƙo shi ne wasunsu su ware shaguna ko gidajen haya ko gona su yi wakafi a rubuce, da amintattu har da manoma a cikinsu, a riƙa ɗaukar nauyin binciken iri da gyaran ƙasa da karatun 'ya'yan manoman Ƙafur da Ɗanja da Sabuwa daga abin da yake kawowa duk shekara.