Asalin Kalma: Alheri

Daga Larabci muka aro ta, al-khair, wato abu mai kyau kowane iri. A bakin Bahaushe ta karkata ga kyauta da kyautatawa, har ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza: wanda ya yi, yana sa ran sakayya.

A majami'un Manga, ƙasar Zuru, mai karanta Afisawa 2:8 da Hausa yana cin karo da kalmar a madadin karis ta Helenanci. Nan ya kamata mai wa'azi ya kula, domin Bulus, marubucin wasiƙar, yana nufin ceton da ba ladan aiki ba ne, kyautar Allah ce ga wanda bai cancanta ba. Kyawawan ayyuka sai a aya ta 10 suka shigo, bayan an riga an karɓi ceton.