Yadda masu fatsa suka yi ta gudun ƙulli

Damargu ba ƙasar kamun kifi ba ce. Mutumin Belbeji ko Tanut da ke son ganin masunta a bakin aiki sai ya gangara kudu, tafkin Gidimuni ko na Madarunfa. Amma igiya kam ya san ta. Duk wanda ya taɓa jan guga da raƙumi a rijiyoyin nan masu zurfi ya san a wurin ƙulli igiya ke sarƙewa, a nan kuma take tsinkewa. Matsalar da ta hana masu fatsa na Turai sakat ke nan shekaru ɗaruruwa.

Akwai wata irin fatsa da ta bunƙasa a Ingila wadda ba a sa mata koto. Gashin tsuntsu ake ɗaura wa ƙugiya ta yi kama da ƙwaro. Da yake ba ta da nauyi, zaren ne ke kai ta nesa, dole ya yi kauri, kifi kuwa da ya hangi kauri sai ya gudu. Don haka ake ƙara siririn zare a gaba, kuma a mahaɗar biyun nan rigimar take.

Da izgar doki aka fara. Akan tufka ta da kauri daga wajen sandar fatsa, tana sirancewa, har wani masanin fatsa, Charles Cotton, a 1676 ya ba da shawarar kada a wuce sili biyu kusa da ƙugiya. Daga baya aka koma ga tsutsar siliki, musamman ta Mursiya a Sifen: a jiƙa tsutsar a ruwan tsami, a ciro jakar silikin da ke cikinta, a miƙe ta ta zama zare garai. Ƙugiyoyin lokacin galibi ba su da huda. Sai a kwantar da zaren a jikin ƙarfen, a naɗe shi tsam da siliki mai kaki. A ganina nan ne gwanintar ta kai ƙololuwa, domin naɗi yana raba nauyi a tsawon ƙarfen, ƙulli kuwa lanƙwasa zare yake ya shaƙe shi a wuri ɗaya. Ƙugiya mai huda ba ta karɓu sosai ba sai wajen 1880.

Sannan nailan ya zo. Kamfanin DuPont na Amurka ya bayyana shi a 1938, kuma nailan ɗin ne ya ture zaren rama da na auduga daga komar masuntanmu, tun daga Argungu har Tafkin Cadi. Ga ƙarfi, ga araha, ba ya ruɓewa, sai dai santsi: ƙullin da ba a yi da kyau ba zamewa yake. A 1953 kamfanin Cortland ya fito da zaren fatsa mai rufin roba, kauri ya ƙaru, ƙullin mahaɗa ya zama gudan da ke maƙalewa a zobban sanda daidai lokacin da kifi ke fizga.

Maganin da aka samo bai yi nisa da dabarar matufka ba. Ana zura bakin babban zaren cikin wani saƙaƙƙen bututu mai zobe a kai, wanda duk ja sai ya ƙara matsewa, ko kuma a lanƙwaso bakin a narke robar ta manne tun daga masana'anta. Siririn zaren ma yana zuwa da nasa zoben. Mai fatsa sai ya zura wannan cikin wancan, ya jawo jelar ta ciki, su sarƙe. In siririn ya lalace ya zare shi ya sa wani, bai yanke ko kamu ɗaya na babban zaren ba.