Yadda Aka Lallashi Musolini da Ƙasar Sahara

Direbobin Tchirozérine da Agadas masu bin hanyar Dirku zuwa Libiya sun san Madama. Bariki ne da Faransawa suka gina a farkon shekarun 1930 don tsare iyaka, domin Italiyawa sun gama murƙushe Libiya, sun rataye Umar Mukhtar a 1931, idonsu kuma ya koma kudu. Soja na can yana gadi cikin rana, sai ga manyan Faris sun yanki wani ɓangare na hamadar sun miƙa da hannunsu.

Ranar 7 ga Janairun 1935, ministan harkokin wajen Faransa Pierre Laval ya sa hannu a yarjejeniya da Musolini a birnin Rum. Tsoron Hitila ne ya kai shi, yana son Italiya ta tsaya gefen Faransa. Cikin abin da ya biya akwai zirin Auzu na arewacin Cadi, kusan murabba'in kilomita 114,000, layin iyakarsa ya faro daga rijiyar Tummo a bakin iyakar Nijar. Tubawan da ke kiwo a wurin ba a tambaye su ba. Mafi muni, Musolini ya tashi daga zaman da yaƙinin cewa Faransa za ta kau da kai idan ya taɓa Habasha.

Ya kuwa taɓa. Ranar 3 ga Oktoban 1935 sojojinsa suka afka wa ƙasar, har da iska mai guba. Habasha mamba ce a Ƙungiyar Ƙasashe ta Janeba, amma takunkumin da aka ƙaƙaba wa Italiya bai haɗa da man fetur ba, Ingila kuma ba ta rufe mashigin Suwez ba. A Disamba asiri ya tonu cewa Laval da takwaransa na Ingila Samuel Hoare sun tsara a ba maharin babban yanki na Habasha. Adis Ababa ta faɗi a Mayun 1936. Wannan cin amana ce tsagwaronta, kuma a ganina daga nan aka buɗe ƙofar yaƙin duniya, tun kafin Munik da littattafan makaranta suka fi ambata.

Hitila yana kallo. A Maris 1936 ya tura soja yankin Rain, ba wanda ya hana shi. Ya haɗiye Ostiriya a 1938, aka ba shi yankin Sudet na Cekoslobakiya a taron Munik, ya cinye Furag a Maris 1939. Musolinin da aka saya da rairayin Sahara ya riga ya zama abokinsa, har ya yi fatali da yarjejeniyar Rum a Disamban 1938. An bai wa kura ajiyar nama. Ranar 1 ga Satumban 1939 Jamus ta shiga Polan, yaƙi ya ɓarke, ya iso har hamadarmu: daga Cadi hafsan Faransa Leclerc ya tashi da askarawan Afirka ya ƙwace Kufra ta Libiya a 1941.

Takardar nan ta Rum ba a taɓa musayar amincewa da ita ba, amma ba ta mutu ba. Gaddafi ya tono ta, ya mamaye Auzu a 1973, maƙwabta suka yi shiru. Daga nan rundunarsa ta zarce har Njamena a ƙarshen 1980. Samarin Abzin da farin 1973 da 1974 ya cinye dabbobinsu sun tafi Libiya neman abinci, da yawa aka ɗauke su soja, aka kai wasu Cadi, wasu Labanan. Sai a 1987 'yan Cadi cikin motocin Toyota suka karya sojan Libiya a Fada da Wadi Dum. Kotun Duniya ta yanke hukunci ranar 3 ga Fabrairun 1994 cewa Auzu na Cadi ne, ta dogara da yarjejeniyar 1955 tsakanin Faransa da Libiya, sojan Gaddafi suka janye a Mayu.

A lokacin, wasu daga cikin samarin nan sun riga sun dawo duwatsun Abzin da horon da suka samu, cikin tawayen Abzinawa da sai ranar 24 ga Afrilun 1995 aka sa hannun sulhunsa a Yamai.