Dariyar Samaru ba baƙuwa ba ce

Masu tarihin wasan kwaikwayo kan faro labarin Zariya daga Samaru, inda Michael Etherton ya kafa karatun fannin a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975, aka kuma gina dandalin wasa na jar ƙasa da Steven Ehrlich ya zana bisa fasalin gidan Bahaushe. Daga can ɗalibai suka riƙa kai wasa unguwanni da ƙauyuka, kamar Wasan Manoma na 1977 da na Maska a 1979. Wasa ba sana'arsu ba ce, kuma ba littafi suke bi ba. Sai sun ji kukan mutanen gari sannan su ƙulla labari. Inda suka fi cin kasuwa shi ne kwaikwayon mai fankama, a kambama takunsa da muryarsa har ya koma abin dariya.

Kuskure ne a ce jami'a ce ta kawo wannan dabara, don ta tarar da ita a gida. Ɗan kama ya daɗe yana ɗaukar muryar malami mai wa'azi ya cika ta da zancen tuwo da nama. Yaran tashe kan manna gemun auduga su yi tafiyar tsoho a watan azumi, wasan gauta kuwa fada sukutum yake kwaikwaya. Sabon Gari, wadda ta tashi a gindin tashar jirgin ƙasa, ta ƙara nata: gidajen siliman da aka buɗe a cikinta sun saba wa jama'a da finafinan Indiya, na maraya mai hawaye da azzalumin attajiri. Kwaikwayo ba ya ba da dariya sai mai kallo ya san na ainihin, kuma Bazazzage ya san duka biyun.

Wani zai ce dariya tana sanyaya fushi ne kawai: a ƙyaƙyata, a watse, kukan mutanen gari na nan yadda yake. Akwai gaskiya a nan, kuma ita ta sa a ƙauyen Bomo, farkon shekarun 1980, aka jawo manoma cikin tsara wasan da kansu. Amma a ƙasar da yaro ba ya haɗa ido da babba, wasa ne ƙofar da al'ada ta bari a buɗe, kamar tsakanin taubasai. Manomin da ba zai iya musu da dagaci a zaure ba, yana iya aron rawaninsa a dandali, dagacin na zaune yana kallo.