Daga Kafireta zuwa Injekta a Garejojin Gaya

Kanikancin yankin Gaya, har da Bana, ya ginu ne a kan motoci irin Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Mai kafireta ce. In sitata ya juya inji bai tashi ba, bakanike ya duba wutar filogi, ya duba hanyar mai. Daga shekarun 1990 motocin hannu suka riƙa kwararowa daga Kwatano ta gadar Malanbil, kuma dokokin hayaƙi na Turai sun riga sun mayar da su masu injekta.

Wasu na cewa wannan sauyi ya binne ilimin tsofaffin gwanaye, tunda Amurka ta wajabta na'urar OBD-II a 1996, kwamfuta ke faɗin cuta. Wannan magana ba ta cika ba. Sau da yawa kwamfuta ba ta nuna famfon mai da ya raunana, ko matatar da fetur ɗin kwalba na bakin hanya ya toshe. Har yau inji mai, wuta da iska yake bukata. Abin da ya ƙaru shi ne sensa, musamman ta karanshaf, wadda in ta mutu wuta da mai su ɗauke tare. Masu gareji su koya wa yaransu duka biyun: tsohon ilimin da na sensa.