Tama, dutsen da ke ruɗin masu neman zinariya

Tun da aka gano zinariya a Jado a watan Afrilu na 2014, samarinmu da dama suka bar makaranta da gona, suka nufi arewa da na'urar neman zinariya a kafaɗa. Ita na'urar ba zinariya kaɗai take ji ba. Dutse mai ƙarfe a jikinsa ma yana sa ta kuka, mutum ya wuni yana haƙa a banza.

Abin da ke ba ni haushi, wannan dutsen da suke tsine wa shi ne tama, arzikin kakanninmu. A Termit an narka ƙarfe ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. A Adar kuwa maƙera sun ci gaba da narka tama har cikin ƙarni na 20, sai da tarkacen ƙarfen Turawa ya cika kasuwa sana'ar ta mutu. Su ba su da na'ura, nauyin dutsen da launinsa suke dubawa.

Malamai da iyaye, gwajin nan bai gagari yaro ba. A kara mayen ƙarfe: baƙar tama za ta manne, ja kuwa da ƙyar. A goga dutsen a gindin kofin tangaran, zai bar zane baƙi ko ja mai duhu. Zinariya ba ta bin mayen ƙarfe, in an buga ta da guduma sai ta baje.

Kashin ƙarfen da ke jibge a tsofaffin matoya shi ma yana sa na'urar kuka, kuma in aka tone wurin da diga, mai bincike ba zai iya gane shekarunsa ba.